Yadda Mijina Ya Tsufa da Shekara Bakwai a Indiya

Tun da muka dawo ban huta ba. A coci, a kasuwar Sabon Tasha, har wurin niƙa, tambayar ɗaya ce: "Maman Rifkatu, yaya Indiya? Kin ga masu rawar nan?" Ban ga ko ɗaya ba. Asibiti na gani, da shanu, da takardu. To ga shi na rubuta, duk wanda ya sake tare ni sai in miƙa masa, don miyau na ya ƙare.

Ga wanda bai san mu ba, mijina Ishaya ma'aikacin gwamnatin jiha ne a lokacin, muna zaune a gidajen ma'aikata na Barnawa. Ƙodojinsa duka biyu suka daina aiki. Aka shiga kai shi wankin ƙoda sau biyu a mako, mutum ya rame, ƙafa ta kumbura, ruwan sha ma sai da awo. Daga ƙarshe likita ya zaunar da mu ya ce in ba dashe aka yi ba, mu fara shirya zuciyarmu. Ƙanensa Danladi, uwa ɗaya uba ɗaya, bakanike ne a Kakuri, yana tsaye a bakin ƙofa da baƙin mai a farcensa. Bai bari likita ya rufe baki ba ya ce, "Dokta, ba guda biyu gare ni ba? Ai ɗayar safaya ce." Ƙoda ta samu ke nan, saura kuɗin zuwa inda ake dasawa.

Coci ta kafa kwamitin neman taimako, aka ɗora Dattijo Bitrus a kai, wanda kuma babba ne a ma'aikatar su Ishaya. Aka sa ranar lonchin, wato taron tara kuɗi. Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, sabbin 'yan siyasa sun cika gari, kowa da babbar riga yana neman inda aka kunna lasifika. Wani onarabul ya zo da mota uku, ya karɓi makirfo ya yi alkawarin kuɗin da ya sa mata suka ɓarke da guɗa, masu ganga suka raka shi har mota. Har yau da nake wannan rubutu muna jiransa, Allah ya kawo shi lafiya. Abin da ya kai mu Indiya gumin zumuntar mata ne, masu sayar da kunu da masa, da kanikawan Kakuri, da Ibo masu kayan gyaran mota da suka zagaya da gwangwani shago shago, da abokan aikin Ishaya. Shi ya sa duk nairar da na ƙulle a lalitata na san fuskar mai ita.

Motar coci ce ta kai mu Abuja. Mata goma sha biyu suka ce sai sun raka mu, suka yi ta waƙa tun daga Sabon Tasha, Ishaya yana kwance a kujerar baya yana roƙo a rage murya ba mai jinsa. A wani shinge ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Me kuka kawo mana?" Danladi ya ce, "Mara lafiya, yallaɓai. In kana so mu sauke maka." Ya leƙa baya ya ga fuskar Ishaya, ya janye katakonsa muka wuce.

Ni da Danladi ba mu taɓa shiga jirgin sama ba. Ni addu'a na kama. Shi kuwa ya kasa kunne jikin bango yana sauraron inji, can ya taɓa ni ya ce, "Anti, akwai abin da ke ƙwanƙwasa a ɓangaren hagu." Na ce ya yi wa Allah ya yi shiru, ba garejinsa ba ne. Mun sauka Addis Ababa mun yi rabin yini a kan benci, sanyi kamar Jos, sannan aka sake ɗibarmu. Gari ya waye muna Indiya, muka sake shiga wani ƙaramin jirgi zuwa wani babban birni can kudu, bakin teku.

A wurin kwastan na fara cin kunya. Na ɗauko garin acca, da kuka, da busasshen kifi a cikin zannuwa, da daddawa ƙulli guda, da citta mai kyau ta Kachia da zan ba likita tsaraba. Jami'in ya kwance ƙullin daddawa, ya ja da baya taku biyu ya toshe hanci, ya kira abokinsa, shi ma ya kira wani. Suka tambaye ni wane irin abu ne ya mutu a ciki. Na ce miya ce. Suka ɗauke ta da yatsa biyu suka jefa a kwandon shara ina kallo, raina ya ɓaci matuƙa. Cittar kuwa dariya suka yi mata. Sai da muka shiga gari na gane dalili, ashe a kowane lungu tuli ake zubawa. Na kai wa mai rijiya ruwa ke nan.

Gari ne na keke mai ƙafa uku, irin waɗanda aka fara kawo mana. Danladi ya ga uwar garinsu, ya rasa inda zai sa kansa don murna, duk wanda ya tsaya sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinsa. Shanu kuwa suna yawo tsakiyar titi ba makiyayi ba igiya, mota ce ke kauce musu. Ya ce da a Kakuri ne, kafin la'asar an gama rabon nama. Na tare mai keke na nuna masa sunan asibiti, ya girgiza kai, na wuce. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Har na fara zagin rashin mutuncinsu, sai na ga dukansu uku suna biye da mu a hankali suna jira mu hau. Ashe su girgiza kai na nufin to.

Masaukinmu gidan wata tsohuwa ne kusa da asibiti, tana ba masu jinya hayar ɗakuna. Dokokinta sun fi na Musa yawa: ba a shiga da takalmi, ba a dafa nama, ba a dafa kifi, ko ƙwai ba ta son gani. Washegari da sassafe na fito na tarar da wani zane na farin gari a bakin ƙofa, layi layi an murɗa shi. Mara lafiya a ɗaki, mutum ya tashi ya ga an yi masa zane a ƙofa? Na kira sunan Yesu na ɗauko tsintsiya na share shi tas. Washegari ya dawo, na sake sharewa. Ran na uku tsohuwar ta kama ni da tsintsiya a hannu, ta ɗora hannu a ka ta yi ta zuba yarensu.

Ana cikin haka na ji an ce da Hausa daga sama, "Baiwar Allah, ajiye tsintsiyar nan. Adon ƙofa ne, kullum sai sun yi. Ni ma da na zo sai da na tofa masa addu'a kwana bakwai." Hajiya Binta ke nan, daga Tudun Wada, ta kawo 'yarta da aka riga aka yi wa dashe. A Kaduna tun bayan rikici ba na ƙetare gada zuwa wajensu sai dole, ita ma ta ce rabonta da Sabon Tasha har ta manta. Sai ga mu a ƙarshen duniya muna tuƙa tuwon acca a tukunya ɗaya. Ranar da za mu sa kifi a miya, ita ce ke tsaye a tsakar gida da turaren wuta tana ruɗa hancin tsohuwa. Abincin garin kuwa shinkafa ce safe da rana a kan ganyen ayaba, da wata miya mai tsami ruwa-ruwa, komai da kwakwa. Ana ci don kada a mutu.

Mako uku ana gwada Danladi. An zuƙi jininsa har ya ce su rage masa na komawa gida. Komai ya fito daidai, likita ya ce jininsu ya dace ƙwarai. Sai dai ya ce saura abu ɗaya. A ƙasarsu masu kuɗi kan sayo talaka su ce ɗan'uwansu ne, don haka doka ta ce ba a taɓa kowa da wuƙa sai wani kwamiti ya gamsu cewa dangantakar gaskiya ce. Na ce in dai wannan ne an gama. Duk wanda ya ga hancin Ishaya ya ga na Danladi ba sai ya tambaya ba.

Ɗaya bayan ɗaya suka kira mu, ni ce ƙarshe. Mutum biyar a bayan tebur, shugabarsu wata dattijuwa mai tabarau, ga fasfo biyu a gabanta. Da ɗan Turancina na makarantar horon malamai muka yi magana. Ta ce wa ya girma tsakanin mijina da mai ba shi ƙoda. Na ce mijina mana. Ta ce da shekara nawa. Na ce bakwai. Ta ce haka Danladi ma ya faɗa, har ya ƙara da cewa yayan nasa ne ya riƙa goya shi zuwa gona, shi ya biya masa kuɗin koyon sana'a. Sannan ta juyo da fasfunan ta ɗora yatsa a kan ranar haihuwa. A takarda, Danladi ya girmi Ishaya da wata uku.

Ta cire tabarau ta ce, "Kin ce uwarsu ɗaya. Wace mace ce ke haihuwa sau biyu cikin wata uku?"

Jama'a, ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Na san zancen mana. Wane ma'aikaci ne a Barnawa ba shi da shekarun gida da shekarun ofis? Ana ɗaukar mutum aiki sai ya je ya yi takardar rantsuwa ya zaftare abin da ya samu, don ritaya ta yi nisa. Ishaya bakwai ya zaftare tun kafin mu yi aure, da su aka yi masa fasfo. Danladi kuwa bakanike, wa zai yi masa ritaya? Nasa na gaskiya ya rubuta. Wata biyu fasfunan nan suna kwance tare a jakata, ko sau ɗaya bai zo mini in buɗe su gefe da gefe ba. Na yi ƙoƙarin bayyana mata cewa a wurinmu haka ake yi, ba wani abu ba ne. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "To kin gaya mini takardar mijinki ƙarya ce. Me zai sa in yarda da sauran?" Ga ma'aikaci mai taye, ga bakanike mai kaushin hannu, ga takarda ta ƙi haɗuwa. A idonsu sayo shi muka yi. Suka ce sai mun kawo shaidar haihuwa ta asali, da rantsuwar kotu a kan shekarun gaskiya, da hatimin ofishin jakadancinmu. Za su sake zama bayan mako uku.

Na ɗauka magana ta ƙare, a buga waya gida kawai. Katin baftismar Ishaya yana ƙauye a akwatin mahaifiyarsu. Amma wanda zai iya zuwa ya karɓo, ya shiga kotu, ya aiko, Dattijo Bitrus ne kaɗai, kuma shi ne babba a ofishinsu. Ishaya ya ce atafau ba za a kira shi ba. Ya ce abin da kowa ya sani daban, abin da aka rantse a kotu daban. A lissafin gaskiya ya wuce ritaya da shekara guda. In takardar nan ta fito aiki ya tafi, gidan Barnawa ya tafi, ga Rifkatu ba ta gama jami'a ba, ga kunyar mutanen da suka tara masa kuɗi. Ya ce mu jira, wataƙila su sauya shawara.

Danladi ya kawo tasa dabara, irin ta gida. Ya ce, "Ai da sauƙi. Ni ma sai a yi mini afidabit, takardar rantsuwar nan, in rage bakwai, mu koma daidai." Na ce masa in ya sake buɗe baki zan cire ƙodar da hannuna.

Kwana goma muka yi a haka. Kowane wankin ƙoda yana cinye kunun wata da masar wata, ina ji a jikina. Jijiyar hannun Ishaya da ake sa allura ta toshe, aka huda masa wuya aka sa roba. Wata rana muna dawowa daga asibiti ya sulale a bakin ƙofa, sai ɗaukarsa muka yi. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi faɗa har tsohuwa ta leƙo. Na ce masa, "Baban Rifkatu, na bi ka shekara talatin ban taɓa ganin wautarka irin ta yau ba. Kujerar ofis za ka mutu a kai?" Ya juya fuska bango. Hajiya Binta da ta kawo masa kunu ta ajiye kofin ta ce, "Malam Ishaya, wanda ya mutu ma ai ritaya ya yi, kuma shi ko fansho ba ya karɓa."

Duk kwanakin nan Danladi ya daina surutu, ya daina leƙen keke, abinci ma sai na matsa. Ran na goma sha ɗaya da hantsi ya shigo ya durƙusa a gaban gadon, yadda ake yi wa babba a garinmu. Ya ce, "Yaya, ni ban yi boko ba, amma na gane abin da matar nan take nufi. Ta tambaye ni nawa ka biya ni. Sau uku tana tambaya. Na ce mata kai ka goya ni, ta dubi hannuna ta rubuta wani abu." Ya ce, "Ba ƙodar ce ta dame ni ba. Tun da aka haife ni ban taɓa jin an ce ni ba ɗan gidanmu ba ne sai a nan. Ka je ka gaya musu kai yayana ne. In ya so bayan nan ko ka fasa dashen."

Ishaya ya daɗe yana kallon silin, hawaye na bi ta kunnensa. Can ya ce in kawo masa takalminsa. Muka tallabe shi zuwa shagon waya a bakin titi, aka haɗa shi da Kaduna. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya gaida Dattijo Bitrus, ya gaida iyali, ya tambayi damina, minti na tafiya kuɗi na tafiya, sai da na taka masa ƙafa sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Sai na ji muryar Dattijo ta fito tar: "Bakwai kawai? Kai, Ishaya, ashe kai mai tsoron Allah ne."

Washegari Dattijo Bitrus ya kama hanyar ƙauye. Mahaifiyar su Ishaya ta buɗe akwati ta fito da katin a naɗe cikin tsumma, ya yi ja amma ana karantawa. Aka shiga kotu, aka aiko, asibiti suka tura babban birninsu aka buga hatimi. Ranar zama na biyu a keken marasa lafiya muka tura Ishaya. Matar mai tabarau ta ce ya faɗi shekarunsa. Ya ce, "Sittin da ɗaya. Wannan kuma ƙanena ne, ina da shekara bakwai aka haife shi, ni aka aika in kira ungozoma." Ta duba katin, ta dube su, ta girgiza kai. Wannan karon ban zagi kowa ba.

Ranar dashe da safe aka shiga da su ɗakin tiyata, su biyu a jere. Ni da Hajiya muka zauna a baranda, ita da carbinta ni da Littafina, ba mai ce wa wani ya rage murya. Bayan azahar wata nas ta fito ta ɗaga mini wata leda da ke rataye jikin gadon Ishaya, fitsari ya kai rabi, alamar sabuwar ƙodar ta kama aiki. Ban taɓa tsammanin zan yi wa fitsari rawa ba, amma na yi, a gaban Indiyawa, har ɗankwalina ya faɗi. Danladi da ya farfaɗo abin da ya fara tambaya shi ne ko ƙodar ta tashi da bugu ɗaya kamar inji.

Bayan mako shida muka dawo. Ranar godiya a coci mata suka yi ta kewaye Ishaya suna cewa ya koma yaro. Da aka ba shi makirfo ya ce, "Ban koma yaro ba. Shekarata sittin da ɗaya, ba yadda na rubuta a ofis ba. Ku da kuka ba da guminku, ku sani tsoho kuka ceto, ku gafarce ni." Bencin gaba, inda manyan ma'aikata ke zama da baƙin gashinsu na kanti, kowa ya sunkuyar da kai yana neman wata aya. Daga can baya wata tsohuwa mai sayar da kunu ta ɗaga murya ta ce, "Mun sani tun tuni! Ajinku ɗaya da yayana. Zauna kada ɗinkin ya buɗe!" Coci ta kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Na tuna robar nan a wuyansa, na ji kamar in rufe shi da duka.

Ranar Litinin da ƙafarsa ya kai takardar ajiye aiki, ba wanda ya ce masa ya dakata. Aka ba mu wata uku mu bar gidan gwamnati. Muka kama ɗaki biyu da falo a Sabon Tasha, bayan makarantar da nake koyarwa. Ranar kwashe kaya na shiga ɗakinmu na Barnawa na gan shi wayam, shekara ashirin da biyu ina share shi, na zauna a ƙasa na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Ina cikin kukan na ji hayaniya a waje. Ishaya ne da Danladi suka kama kujera ɗaya, wannan na cewa sakar mini kai da aka yanka, wancan na cewa kai ma ai an yanka ka, alhali dukansu likita ya hana su ɗaukar ko bokiti. Na share fuskata da bakin zane, na fita na ture su gefe, na ɗauki kujerar na kai mota.